Mun Iya Karatu, Saura Ƙirga

Akwai wani giɓi a cikin horon da ake ba ɗaliban kiɗan Turai, wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Mutum zai yi shekaru yana koyon fiyano, har ya iya karanta kiɗan Bach da na Mozart kamar mai karanta wasiƙa, amma da zarar an aje masa takardar jaz, wadda ba kome a cikinta sai zaren waƙa guda da 'yan alamomi irin su Dm7 da G7 a bisansa, sai hannu ya ƙage. Daga nan sai a fake da cewa ai jaz kiɗan mashaya ne. Mu dai a ganinmu, rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ga yadda abin yake. Kowace alama suna ce ta dunƙulen sautuka da ake bugawa tare, harafinta na farko kuwa shi ne gindi. A ɗauki tsanin da ya tashi daga wannan gindi, misali C, D, E, F, G, A, B, a tsinci mataki na 1 da na 3 da na 5 da na 7. An sami C, E, G, B, wato Cmaj7. In lamba 7 ta zo ita kaɗai, kamar a C7, to a sauke na bakwai da rabin mataki, B ya koma B♭. Nan ne da yawa ke tuntuɓe. In an ga ƙaramin m, kamar a Cm7, sai a sauke na uku shi ma. Su 9 da 11 da 13 ci gaban ƙirga ne kurum bayan an wuce na takwas, wato D da F da A.

Abin mamaki, wannan ba baƙon aiki ba ne a gidan kiɗan Turai. Daga wajen 1600 har zuwa rasuwar Bach a 1750, sautin ƙasa da lambobi kawai ake rubuta wa mai rakiya, shi zai cike sauran da kansa. Bambancin shi ne, su daga sautin ƙasa suke ƙirga, bisa tsanin da waƙar ke kai, alhali mai jaz daga gindin dunƙulen yake farawa, ko wane tsani ake ciki.

To, amma gano sautukan rabin aiki ne. Wanda ya saba da bin takarda sau da ƙafa zai so ya danna su duka, a jere, kamar mai biyan bashi. Makaɗan Amurka ba haka suke yi ba. Sukan bar wa mai babbar goge gindin, su yar da na biyar, su riƙe na uku da na bakwai, don su ne ke bayyana halin dunƙule. A gwada jerin nan da ya cika jaz: Dm7, G7, Cmaj7. A fara da F da C; sai C ya zame zuwa B, an shiga G7; sai F ya zame zuwa E, an iso gida. Yatsa ɗaya ke motsi kowane karo, rabin mataki tak. Ashe ma dokar tafiyar muryoyi ce da muka haddace don jarrabawa.

Wanda ke tsoron jaz zai ɓata masa hannu ya tuna da Fela Sowande, wanda ya tafi Landan a 1934, ya yi kiɗan jaz a can, bai kuma hana shi rubuta African Suite a 1944 ba.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su sa karatun waɗannan alamomi cikin darasin shekarar farko, kafaɗa da kafaɗa da lambobin zamanin Bach, a kuma riƙa jarraba ɗalibi a gaban fiyano da takardar da bai taɓa gani ba.