Adana abinci da hasken gamma: Shin zai raba waken Najeriya da fiya-fiya?

Tun 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan ta gano sinadarin dikulobos a cikinsa fiye da ƙima. Shi ne gubar da ke cikin fiya-fiya, wadda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwari su cinye shi. Abin da Turawa suka ƙi saya, shi ake dafawa a gidajen talakawa. Wannan ne ya sa wasu masana ke neman a koma adana abinci da hasken gamma.

Hanyar ita ce a bi da buhunan abinci ta gaban sinadarin kobal-60. Hasken da yake fitarwa na kashe ƙwari da ƙwayayensu, ya rage ƙwayoyin cuta, ya kuma hana albasa da dankali tsiro. Abincin ba ya ɗaukar tururin nukiliya, kamar yadda wanda aka yi wa hoton ƙashi a asibiti ba ya komawa gida da hasken a jikinsa. A 1980 kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin lafiya, abinci da makamashin nukiliya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ba a ga illa ba idan matsakaicin hasken bai wuce kilogire 10 ba. Indiya ma da wannan hanya take sayar wa Amurka mangwaro tun 2007.

Sai dai masu adawa na da hujjar da ba ta tsoro kaɗai ba ce. Hasken ba ya cire maganin ƙwarin da aka riga aka zuba, kuma ba a dogara da shi wajen kawar da gubar afulatoksin daga gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Idan buhun bai rufu da kyau ba, ƙwari za su dawo. Ita kanta Tarayyar Turai, busassun ganyayen ƙamshi da kayan yaji kawai ta amince a haska a jerinta na bai ɗaya, don haka haskawa ba tabbacin buɗe kasuwarta ba ce.

Akwai kuma batun nisa. Cibiyar hasken gamma ta gwamnatin tarayya tana Sheda ne, kusa da Abuja, alhali wake na taruwa a kasuwanni irin su Dawanau a Kano. Muddin kuɗin mota zuwa Sheda ya ninka na kwalbar fiya-fiya, ɗan kasuwa zai ci gaba da zaɓen kwalbar.

Abin da ya kamata a tambayi hukumomi shi ne: wa zai gina cibiyoyi kusa da kasuwannin hatsi, nawa za a biya kan kowane buhu, kuma yaya NAFDAC za ta tabbatar an rubuta wa mai saye cewa an haska abincin? Kafin a samu amsa, buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, shi ne kariyar da manomi zai iya saya a kasuwar ƙauyensu.