Ruwan Matankari ba ya cikin fayil ɗinku

Akwai wata magana da ta kama bakin matasan injiniyoyi da ma'aikatan ayyukan raya karkara a 'yan shekarun nan: wai littafin da ake rubuta ruwan sama a cikinsa ya zama tsohon yayi. Tauraron ɗan'adam na ganin ko'ina, in ji su, bayanai na nan kyauta a intanet, abin da ya rage kawai a zaɓi sigar ajiya, GRIB ko NetCDF ko kuwa Zarr da ake yayi yanzu. Wannan gardamar 'yan birni ce, kuma in aka biye mata yankin Arewa na Nijar, wato ƙasar Dogon Dutsi da Tibiri, shi ne zai kwana ciki, tun daga Dogon Kirya har Kore Mairuwa.

Bayanan da ake tinƙaho da su, ƙasa aka yanka gurbi-gurbi kamar dara, kowane gurbi da lambarsa guda. ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai ya faro daga 1940, amma faɗin gurbinsa ya kusa kilomita 30, alhali tsakanin Dogon Dutsi da Matankari bai kai kilomita 20 ba. CHIRPS na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya fi shi ƙanƙanta, wajen kilomita 5, tun daga 1981. TAMSAT na jami'ar Reading a Ingila wajen kilomita 4 ne, tun 1983.

Sigogin kansu ba laifi gare su. GRIB na Hukumar Yanayi ta Duniya ne, yana matse fayil ya zama ƙarami, shi ya sa ake aika hasashe da shi. Sai dai ba ya karantuwa sai da jadawalin lambobi da ke wajen fayil ɗin, in jadawalinka bai dace ba ka ga lamba ba ka san ko ta zafi ce ko ta iska ba. NetCDF, wanda aka ƙera a Amurka ƙarshen shekarun 1980, ya fi shi mutunci, don yana ɗauke da bayanin kansa: sunan abin da aka auna, ma'auninsa, ranarsa. Zarr kuwa yana daddatsa bayanai ƙanana-ƙanana ya zuba a rumbunan intanet, ka ɗebi yankin da kake so. Dabara ce mai kyau ga wanda wutarsa ba ta ɗaukewa. Wanda ya ga yadda Yamai da Dosso suka kasance bayan Najeriya ta yanke wutar layin Birnin Kebbi a watan Agustan 2023 ba zai yi saurin miƙa tarihin damunarsa ga na'urar da ke wata nahiya ba.

To amma ko da wuta da intanet sun wadata, babbar matsalar na nan. Babu ɗaya daga cikin fayilolin nan da ke ɗauke da ruwan da ya taɓa ƙasa a gonar wani. A CHIRPS da TAMSAT, abin da tauraro ke gani sanyin saman hadari ne, daga nan a yi lissafi a ƙiyasta ruwa. Da me ake gyara ƙiyasin? Da ma'aunin ruwan da ake rainawa. CHIRPS yana cuɗa ƙiyasinsa da rahotannin tashoshi, TAMSAT kuma da tarihin ma'aunai aka saita shi. Kowane ma'auni da aka bari ya lalace a Dumega ko Dankasari, taswirar da ake alfahari da ita ce ke ƙara makancewa, launinta dai ba ya dusashewa, shi ya sa ba a lura.

Kuma a nan Nijar aka tabbatar da cewa ruwa ba ya sauka daidai a ko'ina cikin gurbi ɗaya. Daga 1990, aikin EPSAT-Niger ya dasa ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, ya nuna abin da kowane manomin Dallol Mawri ya sani tun kaka da kakanni: hadari kan jiƙe gari ya bar maƙwabcinsa da ƙura. Ƙa'idar da masani Sivakumar na cibiyar ICRISAT ya fitar a 1988 ta ce damuna ta kama idan aka samu milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da farin da ya wuce kwana bakwai ya biyo baya cikin wata guda ba. A ce ruwan shuka ya sauka a kusurwa ɗaya ta babban gurbi. In aka raba shi a kan gurbin duka, wanda ya samu za a ce bai samu ba, wanda bai ga ko yayyafi ba za a rubuta masa ruwa. Irin hatsi ne ke tafiya a banza.

Sai kuma tarkon da ba a faɗa a tarukan bita. ERA5 da mita yake rubuta ruwa, ba milimita ba, zafi kuma da Kelbin. CHIRPS na sa -9999 inda ba shi da bayani. Malamin gona a Tibiri da aka turo wa irin wannan fayil ba tare da horo ba, bai ci ribar komai ba. Galibi ma ba fayil ɗin ke isa gare shi ba, hoton taswira ne a WhatsApp, ja da kore, abin da ba ya taruwa, ba ya kwatantuwa da na bara.

Cibiyar AGRHYMET, da ke Yamai tun 1974, da ACMAD da ma'aikatar yanayi ta ƙasa su riƙe GRIB da NetCDF, aikinsu ne, sun kuma iya shi. Abin da ya kamata ya sauko wa ƙananan hukumomi goma na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri shi ne jadawali mai sauƙi irin na CSV: sunan gari, rana, abin da tauraro ya ƙiyasta, kusa da shi abin da ma'auni ya nuna. Ƙaramar waya na buɗe shi, firinta na buga shi, gidan rediyon gari na iya karanta shi. Tsofaffin littattafan ruwa da ke cikin ofisoshin noma kuwa a kwafe su layi-layi cikin wannan siga, a bar kwafi a gunduma kafin a aika Yamai, a kuma ware kuɗin mai karanta ma'auni kowace safiya a cikin kasafin ƙaramar hukuma.