Leda mai walƙiya ba ta korar zafin kwano

Jama'ar Kona, bazara ta shigo, ƴan talla sun cika kasuwanni daga Tasawa har Mayahi: wai ka manna leda mai walƙiya jikin kwano, ɗaki ya yi sanyin randa. Ƙarya ce! In babu sarari a gaban fuskarta mai walƙiya, zafin ratsawa yake. Ƙura ta hau ta kuma, walƙiyar ta mutu. Haka ɗan akwatin da ake sokawa a bango wai ya rage kuɗin wuta: mitar NIGELEC ba ta san da zamansa ba.

Mu da muka tashi cikin soron laka za a koya wa sanyi? Jikkunan nan, gara mu sa silin, mu shafa wa kwano farin fenti, mu dasa bedi ta yamma. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai 60.