Ra'ayinmu: Zaɓen Dokokin Littafi, Wa Ke Cin Moriyarsa?

Da wuya muhawara ta haɗa matashin Musulmi da abokinsa Kirista, a makaranta ne ko a tasha ko a teburin mai shayi, a watse ba a jefa wannan zargi ba: wai Kiristoci zaɓe suke yi a cikin dokokin Littafinsu, su ɗauki mai daɗi su bar mai ɗaci. Littafinku ya hana naman alade, kuna ci. Ya wajabta kaciya, kun ce ba dole ba ce. Ya ce a huta ranar Asabar, kun koma Lahadi. Da ɗan uwa ya jero waɗannan sai ya ji ai ya gama da abokin muhawararsa. Mu a ganinmu tambayar tana da nauyi, amma yadda ake jefa ta ya yi arha da yawa. Kuma a ƙasar nan maganar Littafi ba abin wasa ba ce. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga gardamar wa'azi ya faro a Kwalejin Ilimi, kafin wutar ta ci masallatai da coci-coci har Kaduna da Zariya. Saboda haka wajibi ne 'yan uwa su san abin da suke faɗa kafin su buɗe baki.

Da farko dai, gaskiya ne Kiristoci ba sa aiki da mafi yawan dokokin Attaura, kuma su kansu ba sa musun haka. Malaman Yahudu sun ƙirga dokokin sun kai 613, guda 248 na umurni, 365 na hani. Musa bin Maimun, malaminsu haifaffen Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Haramcin alade yana nan a babi na 11 na Littafin Firistoci, kaciya a babi na 17 na Farawa, hutun Asabar a babi na 20 na Fitowa. Duk suna cikin Littafi Mai Tsarki da Kirista ke riƙewa ya tafi coci, har da fassarar Hausa wadda ta fito cikakkiya tun 1932.

To amma cewa sun bar su ne don ganin dama, wannan ba daidai ba ne. Suna da hujjar da suka dogara da ita, kuma tsohuwa ce. A babi na 15 na Ayyukan Manzanni an kawo labarin taron da aka yi a birnin Ƙudus wajen shekara ta 50 miladiyya. Matsalar ita ce: mutanen da ba Yahudawa ba da suke shiga addinin, shin sai sun yi kaciya sun ɗauki shari'ar Annabi Musa (AS) dungurungum? Bitrus ya yi magana, Bulus ya yi magana, Yakubu ya yanke. Aka ɗauke masu kaciya, aka bar masu abubuwa huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Daga baya malamansu suka kasa dokokin kashi uku. Akwai na halin kirki, kamar hana kisa da sata da zina, wanda suka ce yana nan har abada. Akwai na ibadar Haikali da tsarki da abinci, wanda suka ce ya cika da zuwan Almasihu. Akwai kuma na mulki da hukunci, wanda suka ce na ƙasar Bani Isra'ila ne a zamaninta. Toma Akwinas, wanda ya mutu a 1274, ya yi wannan rabo dalla-dalla, ita ma ɗarikar Angilikan ta sa ma'anarsa a aƙida ta 7 cikin aƙidunta 39. Wanda ya so ya yi wancakali da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, wato Markiyon, korarsa aka yi daga cocin Rum a shekara ta 144.

Mu Musulmi muna da ta cewa a nan, kuma ba za mu ɓoye ba. Linjilar Luka ta nuna an yi wa Annabi Isa (AS) kaciya a rana ta takwas. A babi na 5 na Matiyu an ruwaito shi yana kore cewa ya zo rushe Attaura ne, yana kuma gargaɗin wanda zai karya ko da ƙaramar doka. Bulus, wanda ya fi kowa ƙarfafa cewa mabiyi ya fita daga ƙarƙashin shari'a, bai zauna da Annabi Isa ba a rayuwarsa ta duniya, kuma shi da kansa ya rubuta wa Galatiyawa cewa ya yi sa-in-sa da Bitrus a Antakiya kan cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Rabon nan na kashi uku ma ba a cikin Attaura yake ba, fahimtar malamai ce. Wannan muhawara ce ta ilimi, a yi ta da littafi a hannu. Sai dai ɗan uwa ya tuna cewa asalin maganar shafe hukunci ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 50 a Suratu Ali Imrana ta nuna Annabi Isa ya halatta wa Bani Isra'ila wani sashe na abin da aka haramta masu. Mu ma an juya mana alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan hijira. Ke nan saɓaninmu da su shi ne wa ke da ikon shafewa, kuma me aka shafe.

Bugu da ƙari, duk wanda ya ce "Kiristoci" ya yi masu kuɗin goro, ya nuna ƙarancin karatu. Cocin Habasha, wadda ta kafu tun ƙarni na 4, mabiyanta ba sa cin alade, suna yi wa jarirai kaciya, suna girmama Asabar tare da Lahadi, suna cire takalmi kafin su shiga coci. 'Yan ɗarikar Adbentis da aka kafa a Amurka a 1863 Asabar suke ibada, kuma sun haramta alade. Wannan gardama tana nan da ranta a cikin gidansu.

Inda zaɓen son rai na haƙiƙa yake, shi ne inda 'yan uwa ba su cika leƙawa ba: wajen kuɗi da mulki. Mu ɗauki kuɗin ruwa. Hana shi ya zo a babi na 22 na Fitowa, da babi na 25 na Firistoci, da Zabura ta 15, da babi na 18 na Ezekiyel. Babu wani taron manzanni da ya ɗage wannan hani, coci ma ta riƙe shi fiye da shekara dubu a matsayin dokar halin kirki. Taron Nikiya na 325 ya hana limaman coci cin kuɗin ruwa. Taron Lateran na 1179 ya hana wa wanda ya shahara da cinsa abin da suke kira Jibin Ubangiji, ya kuma hana a yi masa jana'izar Kirista. Taron Biyen a Faransa, a 1311 zuwa 1312, ya ce duk wanda ya dage cewa cin kuɗin ruwa ba zunubi ba ne a hukunta shi hukuncin ɗan bidi'a. To me ya faru? Fatauci ya bunƙasa, bankuna suka yi ƙarfi, sarakuna suka zama mabarata bashi don yaƙe-yaƙensu. A 1545 Jon Kalbin na Janeba ya rubuta cewa kuɗin ruwa madaidaici a bashin kasuwanci ba laifi ba ne, in dai ba a kan matalauci ba. A wannan shekarar Ingila ta halatta har kashi 10 cikin 100. Fafaroma Benedik na 14 ya sake jaddada hanin a 1745, amma zuwa 1830 fadar Fafaroma ta ce kada a tsangwami mai karɓar abin da dokar ƙasa ta yarda. A 1854 Ingila ta soke dokokin ƙayyade kuɗin ruwa baki ɗaya. Ayar tana nan inda take, ba wanda ya goge ta. Kasuwa ce ta yi girma har ta rufe ta.

Haka nan maganar bauta. Babi na 21 na Fitowa ya yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum ya sayar, amma masu gonakin auduga na kudancin Amurka suka tsallake wannan, suka riƙe ayoyin da ke cewa bawa ya bi ubangidansa. A kan haƙƙin mallakar bayi ne Baptis na kudancin Amurka suka ware a 1845, sai a 1995 ƙungiyarsu ta fito ta nemi gafara. A yau kuma dubi yadda wasu masu wa'azin arziki ke riƙe ayar ushiri ta babi na 3 na Malakai, wato ɗaya bisa goma da ke shiga asusun coci, har su tsorata talaka da la'ana in bai kawo ba. Amma babi na 15 na Maimaitawar Shari'a da ya ce a yafe bashi duk shekara bakwai, da babi na 24 da ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, waɗannan sai a ce na zamanin da ne. Dokar da ke kawo kuɗi ta rayu, wadda ke fitar da kuɗi ta mutu.

Adalci ya sa mu faɗi cewa waɗanda suka fi fallasa wannan hali Kiristoci ne 'yan uwansu. Da Littafin nan ne masu yaƙi da cinikin bayi suka kafa hujja har Majalisar Ingila ta haramta shi a 1807. Da dokar shekara ta hamsin ta babi na 25 na Firistoci ne coci-coci suka tara dubun dubatar mutane a Bamingam a 1998, suna neman manyan ƙasashe su yafe wa matalautan ƙasashe bashi. Wanda ya tsaya haka ya fi kusa da gaskiya a wannan mas'ala fiye da mai salla da ke cin kuɗin ruwa.

Wannan ya kawo mu gida. Aya ta 85 a Suratul Baƙara ta zargi Yahudawan Madina da yin imani da wani sashe na Littafi da barin wani. Laifin nasu shi ne suna fansar fursunoninsu kamar yadda aka umurce su, alhali su ne suka yaƙe su suka kore su daga gidajensu, abin da aka hana su. Ba a saukar mana da wannan aya don mu riƙa nuna wasu da yatsa kawai ba. A ƙarshen surar, aya ta 278 da 279, an shelanta yaƙi daga Allah da Manzonsa a kan wanda ya ƙi barin kuɗin ruwa. Attajiran Musulmi nawa ne suka bari? Magada nawa ne suka danne gonar 'yar'uwarsu da sunan mace ba ta noma, alhali rabonta yana rubuce a Suratun Nisa'i? Nawa ne ke zuwa Umra duk azumi, amma leburorinsu na bin su bashin wata uku? Zamfara ta shelanta shari'a a watan Oktoba 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka hau layi, kuma a watan Maris 2000 aka yanke hannun wani mutum kan satar saniya. Abin tambaya a nan shi ne, ɓarayin biro nawa ne suka ɗanɗana irin wannan hukunci? Shehu Usman Ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya tona asirin sarakunan da ke da'awar Musulunci amma suna ƙaƙaba jangali da karɓar gaisuwa da ƙwace dukiyar talakawa. Da wa yake? Da masu zaɓe a cikin shari'a ne, kuma ba Kiristoci ba ne.

Saboda haka kiranmu ga 'yan uwa matasa shi ne, duk lokacin da kuka ga an ajiye wata doka ta Littafi, ko a coci ko a masallaci, ku tambaya: da wace hujja aka ajiye ta, kuma wa ke cin moriyar ajiyewar? In hujja ce ta nassi, a zauna a tattauna ta hanyar da ta fi kyau, kamar yadda aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta koya mana game da ma'abota Littafi. In kuwa aljihun mai kuɗi ne da kujerar mai mulki, to wannan zalunci ne, kuma talakan Kirista da talakan Musulmi duk a tukunya ɗaya ake dafa su. Azzalumai ba abin da suke so irin su ga matasa sun shagala da gardamar naman alade, su kuwa suna rabon baitulmali a tsakaninsu ba tare da tambayar addinin juna ba.

Kada ɗan uwa ya kawo ayar da bai karanta da idonsa ba. Kada ya zagi abin da wani yake girmamawa, domin aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu. Ya tuna cewa lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Sahabbai, wurin Najjashi, sarki Kirista na Habasha, Manzon Allah (S) ya tura su, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Sannan kafin ya ƙirga dokokin da maƙwabcinsa ya bari, ya fara ƙirga nasa: bashin da bai biya ba, awon da ya tauye, haƙƙin iyaye da na mata da ya yi sakaci da shi. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta gaba ɗayanta, Ya kare mu daga son zuciya.