Jet ski ko mashin ɗin daji? Ku fara tambayar rigar ruwa tukuna

1/ Tun jiya ake ta gardama a wani guruf ɗinmu na 'yan Yauri: in Allah ya hore maka, wanne za ka saya don shan iska, jet ski ko dogon mashin ɗin nan na daji irin na 'yan tsere? Na karanta har ƙarshe. Ko mutum ɗaya bai ambaci rigar ruwa ko hular kwano ba. Zare 🧵

2/ Masu shirin rubuta "hassada ce", ku huta, na riga ku. Ni ɗalibi ne, kuɗin motar komawa makaranta ma sai an haɗa min. Amma a bakin ruwan nan aka haife ni, kawuna masunci ne, kuma ina da ta cewa. Ba nishaɗi nake faɗa da shi ba. Kwaikwayon da babu tunani a ciki, shi ne abokin faɗana.

3/ Bidiyon da kuke turowa na Dubai ne da Legas. Abin da kyamara ba ta nuna muku shi ne: can akwai wurin da aka keɓe wa masu wasa, akwai alama a kan ruwa, akwai mai gadin da zai busa maka usur, akwai jirgin ceto a gefe. Mashin ɗin kawai kuka gani. Tsarin da ke riƙe da shi ba ku gani ba.

4/ Namu ruwan ba filin wasa ba ne. Hanya ce, gona ce, kasuwa ce. Daga Shanga zuwa Yelwa har Warra a Ngaski, mutane a kansa suke zuwa cin kasuwa, a kansa suke kai mara lafiya asibiti, a cikinsa suke kama ƙarfasa da giwan ruwa da warangi. Duk inda ka ga "fili" a ruwan nan, wurin cin abincin wani ne.

5/ Sannan ku tuna yadda aka yi tafkin. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya haye garuruwa da gonaki da tsibirai, har tsohuwar Busa. Sama da mutum 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni, da yawansu Gungawa ne. Har yau kututturan itatuwan wancan lokaci suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa.

6/ Kuma ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu yake cika a shekara: na daminarmu, da wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso mana cikin hunturu. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai bambancin mitoci da dama. Inda ka wuce lafiya a Janairu, a Yuni kututture ne ke jiran ka.

7/ Tsohon matuƙi ya san wannan taswirar a kansa, don ya gaje ta. Kai da ka sauke mashin daga kan tirela jiya fa? Manyan jet ski suna kaiwa kilomita 100 a awa. A wannan gudun in ka faɗi, ruwa ba katifa ba ne. In kuwa kututture ka daka, sai dai a yi maka addu'a.

8/ Bari in faɗi abin da mai sayarwa ba lalle ya faɗa muku ba. Jet Ski asali sunan na kamfanin Kawasaki ne, tun shekarun 1970. Na Yamaha sunansa WaveRunner, akwai kuma Sea-Doo. Duk aikinsu ɗaya: injin yana zuƙo ruwa ta ƙarƙashi, farfelar da ke ciki ta feso shi ta wani bututu a baya. Feshin nan shi ne gudun, shi ne kuma sitiyarin.

9/ Ma'ana: in ka saki totur, feshi ya ragu, juyawa ma ta ragu. To mene ne abin da ɗan koyo ke yi in ya hango kwalekwale a gabansa? Sakin totur, ya murɗa kai. Mashin ɗin kuwa sai ya ci gaba da sulalewa sak inda ya nufa. Sababbi suna da na'urar rage wannan matsalar da wani irin birki. Tsofaffin da za mu iya saye na hannu, da yawa ba su da birki sam.

10/ Kuma tunda zuƙo ruwa yake yi, duk abin da ke cikin ruwan zai zuƙa: kainuwa, ciyawa, leda, yashi, igiyar mamari, zaren raga. Wanda ya san ruwanmu ya san ba a rasa ɗaya daga cikinsu. Ya toshe a tsakiyar tafki, ya mutu. Ba filafili, ba inuwa. Wa zai jawo ka? Masuncin nan dai da ka gama yanke wa raga.

11/ Maganar raga ba ƙirƙira na yi ba. A ranin da ya wuce wasu baƙi suka zo shan iska da ƙaramin jirgi mai gudu. Suka bi ta kan ragar da kawuna ya shimfiɗa tun asuba, suka raba ta biyu. Igiyar ruwan da suka tayar ta kusa kifar da kwalekwalen, ƙaramin ɗansa yana ciki. Ko waiwayowa ba su yi ba. Ina jin ma ba su san sun yi ba.

12/ Na ce, "Kawu, ba za ku kai ƙara ba?" Ya dube ni ya ce, "Wurin wa, ɗana? Ka ga lambarsu ne?" Bashi ya ci ya sayi wata ragar. Su kuma na tabbata bidiyon ya yi kyau. Wannan shi ne abin da ke ci min rai: daɗin na mutum ɗaya, asarar ta wanda ba a ma tambaye shi ba.

13/ Yanzu babbar maganar. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya nutse tsakanin jihar Neja da Warra, ɗauke da mutum sama da 150. Waɗanda aka ciro da rai kusan 20 ne kawai. Kwana da kwanaki masu iyo na gari suna ciro gawawwaki. A Oktoban 2023 wani kuma ya kife da masu zuwa cin kasuwar Yauri. Allah ya jiƙansu.

14/ Ka je bakin ruwa ranar kasuwa mai zuwa ka ƙirga da idonka: a cikin jirgi guda, mutum nawa ne sanye da rigar ruwa? To a kan wannan ruwan ne muke gardamar wane launi ya fi kyau a hoto. Ni dai kunya abin ya ba ni, wallahi.

15/ Kuma kar mu ɗora wa gwamnati komai. Hukumar NIWA tana da doka: ba tafiyar dare, ba lodin da ya wuce kima, ba shiga jirgi sai da riga. HYPPADEC ta sha raba riguna a garuruwan bakin ruwa. A tilasta dokar, wannan haƙƙinsu ne, mu kuma mu ci gaba da matsa musu. Amma sau nawa aka miƙa wa ɗayanmu riga ya ce zafi take sa shi?

16/ Sai wani ya ce, "In ajali ya zo ya zo." Gaskiya ne. Amma kai ɗin nan kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, wayarka tana da fasawod. Dukiya ka yarda ka yi mata dabara, ranka kaɗai ka bar wa "ƙaddara". Malamanmu ba su koya mana tawakkali haka ba.

17/ "Ai na iya ruwa." Masu iya ruwa nawa ruwa ya ci? In ka faɗo a guje ka bugu, ko ka suma, iyawarka ba ta da amfani. Rigar ce za ta riƙe ka a sama har a zo. Kuma kar ku manta da dorina. Tana nan a ruwanmu, kowa ya san ɓarnarta, ba ta kuma duba farashin abin da ka hau.

18/ To mu hau tudu. Mashin ɗin daji abin sha'awa ne, ban musa ba: ba nauyi, dogon shokozoba, taya mai haƙora don yashi da laka. Akwai mai 125cc, 250cc, har 450cc. Ku kwatanta da Bajaj Boxer na 'yan kabu-kabu, wanda yawanci 100cc ne. Ba ajinsu ɗaya ba. Mai 450 na ƙwararrun 'yan tsere ne, ba na wanda ya koyi mashin a layin gidansu ba.

19/ Na tsere zalla ba a yi shi don titi ba: ba fitila, ba madubi, ba wurin lamba. Ana canja masa mai bayan 'yan awannin aiki, ba bayan watanni ba. Kafin ka biya, ka je wurin bakanikenka ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinsa, kuma daga ina kayan gyara za su zo. In ya yi shiru, ka samu amsa.

20/ Sai tambayar da ba wanda ya yi a guruf: a ina za ka hau shi? Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari, wadda kuke cewa ta yi kama da filin tsere, nan ne ake dasa albasar da Yauri ta yi suna da ita. Nan ake shinkafa, nan shanu ke sauka shan ruwa. Taya mai haƙora ta bi ta kan fangalin albasa sau ɗaya, aikin makonni ya tafi.

21/ Daji kuwa, mu daina yaudarar kanmu. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. A kan mashina suka zo. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Maƙwabtanmu Neja da Zamfara sun taɓa taƙaita harkar mashina saboda irin wannan.

22/ Yanzu ka zana hoton: samari shida, fuska a rufe da gilashi da ƙyalle, salansa na ƙara, ƙura ta tashi, sun nufo wani ƙauye a Ngaski ko Shanga. Kai ka san wasa kake yi. Matar da ta saɓi goyonta ta yi daji da gudu ba ta sani ba. Ɗan banga mai bindigar toka ma bai sani ba. Wa zai tsaya tambayar sunanka na Instagram?

23/ In kuma ka faɗi ka bugi kai, ka tuna cewa mummunan rauni irin wannan sai an wuce da kai Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i a mota. Hular kwano ta gaske, mai rufe haɓa, a ɗaure ta. Ba wadda ake ratayawa a kan mashin don tsoron jami'ai ba.

24/ "Kuɗinsa ne, ina ruwanka?" Kuɗinsa ne, amma ruwan ba nasa ba ne, gonar ba tasa ba ce. Ranar da ya nutse kuma ba kuɗinsa ne zai yi nutso ya nemo shi ba, 'ya'yan talakawa ne. Abin da haɗarinsa ke hawa kan kowa, kowa na da bakin magana a kansa.

25/ "Kuna hana Yauri ci gaba, yawon buɗe ido ne." Mu ba baƙin wasan ruwa ba ne. Muna da Rigata: tseren jirage, iyo, nutso, gwanintar da Gungawa suka gada tun zamanin farautar dorina. Baƙi suna zuwa kallo daga nesa. In kana son sunan Yauri ya fita, ga inda za ka zuba kuɗi. Ɗauki nauyin jirgi ɗaya, saya wa matuƙan riguna, sa kyauta mai tsoka.

26/ To in dai sai ka saya, ga nawa zaɓin. Na ruwa: ɗauki ƙarami mai sauƙin inji, mai birki, ka gwada shi a ruwa kafin ka biya, ba a kan tirela ba. Igiyar makullin nan a ɗaure a hannunka kullum, don in ka faɗo injin ya mutu. Riga gare ka, riga ga wanda ka goya. Ba yara a kan sitiyari. Ba hawa in rana ta faɗi.

27/ Kafin ka jiƙa shi, je ka gaida Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirgi. Su nuna maka inda kututture yake, inda ake shimfiɗa raga, inda jirage ke ratsawa. A yanke maka wuri da lokaci. Ranar kasuwa ka bar shi a gida. In ka lalata kayan wani, ka biya ba sai an kai ka ƙara ba.

28/ Na tudu: fara da 125cc, ko 250cc mai lamba da fitila in ka riga ka ƙware. Hula, takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu. Ku haɗu ku nemi fili guda da izinin mai shi da na mai gari, jami'an tsaro su san da ku. Gona a'a, burtali a'a, daji a'a.

29/ Ga wata shawara kyauta. Sabon jet ski, ko mafi arha, ya haura dala 5,000 kafin kuɗin jigila da kwastan. Wanda ya iya wannan, ba zai gagara ƙara riguna hamsin ya ajiye a tashar jirgin garinsu ba. Kai da kanka ka buga lissafin a waya, ka ga ko kashi nawa ne na kuɗin.

30/ Kuma a ƙasashe irin su Ostareliya da Amurka masu ceto a bakin teku da wannan mashin ɗin suke ciro mutane, da wani allo da ake ɗaurawa a bayansa. Ka bar lambarka wurin masu jirgi, ka koyi yadda ake ceto. Ranar da jirgi ya kife, mintunan farko su ne komai. A nan ne mashin ɗinka zai zama abin alfahari na gaske.

31/ Wanda ya yi haka, ni zan fara ɗaukar sa bidiyo, in ma roƙe shi ya ɗana ni. Wanda kuma ya zo ya yanke ragar mutane ya wuce, shi ma za mu ɗauke shi, mu kai wa masu gari.

32/ Ku tura wa guruf ɗin garinku. In kana Yelwa, Warra, Shanga ko wani tungan bakin ruwa, faɗa min a ƙasa: riguna nawa ne a tasharku, kuma a hannun wa suke? Zan tattara amsoshin in sake sakowa a nan. Allah ya tsare mu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.