Kada A Manta Da Yaran Da Su Ka Rage A Gida

Mai gida da uwar gida, ku saurara. Sa'ad da aka kwantar da yaro a asibiti, uwa ta kan bi shi jinya, uba kuwa ya yi ta kai da kawowa da abinci da kuɗin magani. Hankalin kowa ya koma can. To, yayyensa da ƙannensa fa? Mu a ganinmu, kula da su wani sashe ne na jinyar.

Waɗansu su kan ce yaro bai san kome ba, da ya ci ya ƙoshi shi ke nan. Ba haka ba ne. Yaro ya ga an fita da ɗan'uwansa a ruɗe, ya nemi uwarsa bai gan ta ba. In ba a gaya masa kome ba, sai ya ƙaga nasa labari. Wani ya kan zaci faɗan da su ka yi jiya shi ya jawo ciwon. Wani ya ƙi cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa firgita cikin barci. Wannan ba rashin ji ba ne, tsoro ne. Duka ba ya maganinsa, sai lallashi.

Ga abin da ya kamata ku yi.

Ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Ku ce, "Ƙanenka ba shi da lafiya, likita yana ba shi magani, Inna tana wurinsa. Ba laifinka ba ne." Kada ku yanka masa ranar dawowa in likita bai yanka ba. Yaron da aka ruɗa sau ɗaya ba ya saurin yarda kuma. Kada kuma ku tsorata shi da allura.

Ku damƙa shi hannun mutum ɗaya da ya saba da shi, kaka ko goggo ko abokiyar zaman uwarsa. Kada a riƙa yawo da shi gida gida. Ya ci abinci a kan lokaci, ya kwana cikin gidan sauro, ya ci gaba da zuwa makarantar allo da ta boko. A fi sa ido kan wanda aka yaye kwanan nan, gama shi ya fi saurin ramewa. Kada a jibga wa babbar yarinya aikin gida duka, ita ma yarinya ce.

In akwai waya, a bar shi ya ji muryar uwarsa kullum. In malaman asibiti sun yarda, a kai shi dubiya.

Ku tuna, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ƙyanda ce ko tarin fuka, ku tambayi likita ko sauran yara suna bukatar a duba su, musamman waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ana yi wa jariri allurar ƙyanda yana wata 9. Wanda ba a yi wa ba, ku kai shi. Wanda ya fara zazzaɓi, kada ku jira gobe.

Ran da aka sallamo majinyaci, a yi murna, amma a jawo na gida jiki, a yaba masa haƙurin da ya yi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.