Kuɗin Ƙofa Ba Ya Gyara Rufi

A cikin watan Afrilu na shekarar 1845, mutum 193 suka bar lardin Glarus na ƙasar Suwizalan suka nufi Amurka. Talauci ne ya kore su, gama injuna sun karɓe sana'ar tufafi daga hannun talakawa, ga kuma ƙarancin abinci. Tun kafin su tashi an tura mutum biyu, Nicolas Dürst da Fridolin Streiff, waɗanda suka saya musu fili eka 1,200 a yankin Wiskonsin. Cikin watan Agusta mutum 108 ne suka isa wurin, suka kafa gari suka raɗa masa suna New Glarus.

Jikokinsu ba su yarda wannan labari ya bi iska ba. A shekarar 1938 suka kafa ƙungiyar tarihi, sa'an nan a 1942 suka fara gina ƙauyen tarihi a fili, inda yau akwai gine-gine 14. A ciki akwai ɗakin gungume irin na mutanen farko, da majami'a, da makaranta, da maƙera, da maɗaba'a, da ɗakin yin cuku, watau sana'ar da ta fitar da sunan yankin.

Amma fa gina irin wannan wuri ya fi riƙe shi sauƙi. Ginin katako ne, dusar ƙanƙara tana danne rufinsa kowace shekara, kuma idan hunturu ya shigo rufe ƙofa ake yi sai bazara. Mutanen garin kuwa kaɗan suka ɗara dubu biyu. Abin da baƙi ke biya a ƙofar ƙaramin gidan tarihi yakan taimaka wajen hidimar yau da gobe, amma ran da rufi ya ruɓe ba ya kai ko'ina.

Maganin da garuruwan Amurka da dama suka samo shi ne asusun dindindin na jama'a, wanda ya yi kama da abin da aka sani da wakafi. A birnin Cleveland aka fara kafa gidauniyar gari irin wannan a shekarar 1914, bisa shawarar wani lauya shugaban banki mai suna Frederick Goff. Tsarin ba shi da wuya. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, wani da ransa, wani ta hanyar wasiyya. Sai a juya kuɗin a hannun jari, ba a taɓa uwar kuɗi, kashi huɗu ko biyar cikin ɗari kaɗai akan fitar a shekara. Misali, asusun dala 100,000 zai riƙa ba da dala 4,000 ko 5,000 kowace shekara, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Amfanin wannan ya fito fili a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle gidajen tarihi, kuɗin ƙofa ya yanke.

Duk da haka akwai abin lura. Asusu ba ya girma dare ɗaya, kuma idan kasuwa ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2008, rabon da ake fitarwa yakan ragu. Babban haɗari kuwa shi ne ranar matsi, lokacin da wani zai tashi a taro ya ce a ɗan ɗebi uwar kuɗi a toshe ɓaraka, a mayar daga baya. Manomin da ya cinye iri da rani ya san abin da zai tarar da damina.

Saboda haka duk jama'ar da ke son jikokinta su ga inda kakanni suka kwana, lalle ne ta tanadi kuɗin gyara tun ran da ta aza harsashi, ta kuma rubuta dokar da za ta hana hannu kai wa gare shi. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.